Ruwan Jegon da Na Zuba Kan Ƙanƙara

Wannan ba tatsuniya ba ce, ba gizo a ciki, ba ƙoƙi. Ni ce Kulu ta Kashin Zama, can ƙasar Aliero. Albasa na sani, da wankan jego, da wankan gawa. Ban yi boko ba, da baki nake faɗi ana rubutawa. Duk wanda ya dubi hannuna na dama yatsu uku zai gani. Sauran biyun suna can wata ƙasa inda rana ba ta faɗuwa, kuma labarinsu ne zan bayar.

Ɗiyata ta fari ce ta kai ni. Ba na kama sunanta, kamar yadda uwata ba ta kama na yayana ba har ta koma ga Allah. Dakta mutanen garinmu ke ce mata, ni ma haka nake cewa. Karatun ƙasa da duwatsu ta yi, karatu ya ja ta har ƙarshen duniya ta arewa, inda ake haƙa ƙanƙara ana auna tsufanta. Can ta yi cikin fari. Mijinta Bello, ɗan Maiyama, yana cikin jirgin ruwa na masu bincike, irin wanda ba ya dawowa sai bayan watanni. Mace ta haihu ba mai yi mata wanka? Na ce ko bayan duniya take sai na je.

Zango na farko wani filin jirgi ne a ƙasar Turawa, inda anka ce in sauka in jira wani jirgin. Gari guda ne cikin gilashi. Ina zaune rungume da jakata, sai na ji an ce, "Inna, sannu da hanya. Daga ina?"

Hausa! Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Wani mutum ne da hula, fuska sake. Na ce daga Aliero.

Ya ce, "Kai, ashe ta gida ce. Ni ɗan Jega Firchin ne."

Na ce, "Gidan wa?"

Ya ce, "Bayan masallaci."

Wane gida ne a Jega ba bayan masallaci yake ba? Amma kewar gida ta toshe mini kai. Ya nuna mini inda ake alwala, ya ce in je zai tsare mini jaka. Na dawo ba shi ba jaka. Cikinta akwai rigar sanyin da na saya wurin 'yan gwanjo a kasuwar Jega, da bargo, da busasshen ganyen dogon yaro na wanka. Kanwa kawai ta tsira, don ita a gefen zanena na ɗaure ta. Wata baƙar mace mai share wurin, wadda ba mu jin harshen juna, ita ta ga ina rawar sanyi. Ta tuɓe rigar ulun da ke jikinta ta sa mini, ta karanta takardar jirgin da ke hannuna, ta riƙe hannuna har bakin jirgi. Ban san sunanta ba. Ina sa ta cikin addu'a har yau.

Zango na biyu garin da asibiti yake. Na iske Dakta ta haifi namiji kwana huɗu da sunka wuce, kuma ba wanda ya taɓa ta da ruwan zafi. Ruwan lemo mai sanyi anka ba ta, mai jego! Na haƙura don ba garinmu ba ne. Ranar suna anka yanka rago a Maiyama, munka ji ta waya: Usmanu. Bayan nan munka shiga wani ƙaramin jirgi mai rawa kamar amalanke, ya kai mu zango na uku, inda aikinta yake.

Ba itace a wurin. Ba tsuntsu, ba akuya, ba ko ƙuda. Fari fat tun daga ƙafarka har inda ido ya gaji. Gidajen katako ne kaɗan, an ɗora su kan ƙafafun ƙarfe kamar rumbuna, kuma abin da ke ƙarƙashinsu ba ƙasa ba ce, ƙanƙara ce zalla. Rana kuwa sai ta yi ta kewaye sama kamar jakin da anka ɗaure a turke, ba ta faɗuwa, ba ta hutawa. Dakta ta sa waya ta riƙa kira mini salla. Ina yin magariba rana tana kallona, ina yin asuba tana nan inda take. Zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

Babban masu binciken wani dattijon Bature ne, Dogo nake ce masa. Mai ladabi ne, in ya gan ni sai ya dafa ƙirji. Sai kuma mai dafa musu abinci, wata gajeriyar tsohuwa 'yar asalin ƙasar, mai ƙananan idanu, wadda mutanenta ke kiwon wasu barewa masu ƙaho kamar rassan itace. Na ce mata Ƙawa, ta karɓa. Ita ta ga ina dube-dube ina kwatanta ganye da hannu. Ta fita ta dawo da damin wasu busassun rassa masu ganye, ta kwatanta yadda suke jiƙa shi da ruwan zafi su bugi jiki da shi. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Ashe su ma sun sani!

Na soma wanka kamar yadda anka yi mini, kamar yadda na yi wa mata ba iyaka. A tafasa ruwa har ya yi tsalle, a tsoma ganye a fyaɗa, safe da yamma, kwana arba'in. A dama kunun kanwa a sha da zafinsa. Dakta tana ihu tana cewa, "Inna, za ki dafa ni!"

Na ce, "Ke da anka dafa uwarki ba ga ta nan tsaye ba? Juyo bayanki."

Ran farko ganye ya toshe musu bututun makewayi, anka kira mai gyara, Dakta ta ji kunya. Sai na koma yi mata a cikin babban baho. Ta ce, "Inna, in kin gama ki bar ruwan ya huce, ki tace, ki zuba a bututu. Kada ki zuba waje. Dokar wurin nan ce, ba a zuba komai kan ƙanƙara."

Na ce to. Amma ruwan jego ba a barin shi ya kwana a ɗaki, kuma ba a haɗa shi da ƙazanta. Da ta kwanta da jariri sai in kwasa a bokiti, in fita ta ƙofar baya, in zaga bayan gida inda ba taga. Kowa ya san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa haka kawai, don ba mu kaɗai ne a duniya ba. Sai in tsaya in ce, "Bismillahi. Gafara dai masu wuri, ga ruwan zafi, ku janye ɗiyanku." In ɗan jira, sa'an nan in zuba.

Wuri ɗaya nake zubawa. Ya yi gurbi kamar ƙwarya, ya koma kamar turmi, ya koma kamar bakin rijiya. Ruwan ba ya taruwa. Ina zubawa yake shigewa ƙasa, kamar ana sha.

Ranar kwana na goma sha biyu da soma wanka, ina tsaye da bokiti sai na ji Usmanu ya tsala ƙara daga ciki. Na watsa ruwan na juya da gudu. Sai da na kai ƙofa na tuna ban ce komai ba. Ba bismillah, ba gafara. Tun ina yarinya ban taɓa yin haka ba. Na tsaya hannuna kan ƙofa, sai na ji wani abu ya amsa daga ƙarƙashin ƙafata. Ba ƙara ba ce. Kamar dai in mutum ya jingina da turmi ana daka, yadda yake ji a ƙashinsa. Sau ɗaya.

Jariri kuwa ba abin da ya same shi. Ya yi shiru da kansa, idonsa buɗe yana kallon bangon baya.

Da na koma da ruwan yamma na leƙa ramin. A ƙasansa akwai abu. Baƙi ne wuluk, sumul, ƙanƙara ta janye daga jikinsa ta bar shi tsaye. Girmansa ya kai babbar randa, ƙasa faɗi, sama ya tsuke ya yi wuya. Rana na haska ko'ina amma shi ba ya ƙyalli, kamar yana haɗiye hasken. Na dawo da ruwana ban zuba ba, na gaya wa Dakta gaskiya.

Ta soma faɗa, ta je ta leƙa, faɗan ya mutu a bakinta. Kafin wani lokaci duk mutanen wurin sun taru. Dogo ya durƙusa bakin rami ya cire hularsa cikin wannan sanyi. Ƙawa kuwa ta zo ta leƙa sau ɗaya, ta tofar da yawu gefe, ta koma ɗakin girkinta ta rufe ƙofa.

Sunka faɗaɗa ramin, sunka sa tsani, sunka kafa babban tanti a kansa. Dakta ke gaya mini abin da suke cewa. Wai ƙanƙarar da ya kwanta ciki ta girmi duk wani gari da ɗan Adam ya gina. Wai na'urorinsu sun bi ta kan wurin ba sau ɗaya ba, ba su taɓa nuna akwai komai ba. Ba dutse ba ne, ba ƙarfe ba ne. Sunka sa masa abin huda ƙarfe, bakin abin ya karye. Sunka ce ya fi ƙanƙarar da ke kewaye da shi sanyi. Don su ciro shi ba tare da sara ba, sai sunka jera injinan ɗumama cikin tanti, suna kuma kwarara masa ruwan ɗumi a gindi.

Dakta ba ta zama. Mai jego, ko wata guda ba ta cika ba, tana hawa tsani tana sauka. Idonta na haske kamar na mai zazzaɓi. Ta ce, "Inna, kin san mi kika tono? Mutane sun ƙare rayuwarsu ba su ga irin wannan ba. Sunana zai shiga littafi."

Na ce, "Shiga baho tukuna."

A nan na fara gani. Na fyaɗa mata ruwan da zai saɓule fatar kaza, ko ihu ba ta yi ba. Ta ce, "Inna, yau ruwan bai yi zafi ba." Na taɓa bayanta. Sanyi kamar tulun da ya kwana waje. Na ba ta kunu yana tururi, ta shanye kamar ruwan randa.

Washegari Usmanu ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, ya yi ta kuka. Na tatsa a tafin hannuna. Nonon uwa da sanyi! Na yi wanka ga masu jego tun kafin a haifi uban yaron nan, ban taɓa gani ba. Likitan wurin ya zo ya sa mata abin awo a baki, ya duba, ya girgiza shi, ya sake sawa. Ya ɗauko wani, ya sake. Ya lulluɓe ta da wani bargo mai ƙyalli, ya ce a ba jariri madarar gwangwani. Usmanu ya ƙi ta.

Ran nan Dakta ta dawo daga tanti tana jan ƙafa, ta zauna bakin gado, ta ce, "Ya soma ɗumi."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Abin. Kullum ƙaruwa yake. Kuma akwai wani motsi cikinsa, a jere, a jere." Ta ɗora yatsu biyu a wuyanta tana ji. Ta sauke hannun da sauri kamar ta taɓa wuta.

Na ce ta kai ni in gani. Sunka sa mini wata riga kamar buhu, na sauka tsani. Cikin tantin zafi kamar Aliero a bazara, har gumi ya karyo mini. Na kewaye abin a hankali. Da fitilarsu ta haska shi sai na ga wasu siraran layuka a jikinsa, sun taso daga gindi sun haɗu a wuya. Na duƙa na dubi ƙasansa, inda ruwa ke taruwa: wasu farare-farare kamar zare sun fito sun shiga ƙanƙara. Na miƙe na dubi wuyan. Ya tsage kaɗan, kuma cikin tsagar akwai wani ɗan tsini fari, tsawon yatsa.

Su duka da karatunsu suna kallo, ba wanda ya gane, don ba wanda ya taɓa kwana da tunanin albasa a cikinsu. Ni shekara nawa ina jera ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiye ta bayan an cire, ina juya ta ɗaya bayan ɗaya. Albasar da ke rudu ba matacciya ba ce, barci take. Ka hana ta ruwa, ta yi ta barcinta. Ta ji laima da ɗumi, ta farka, ta fid da saiwa, ta fid da tsiro. Kuma tsiro ba ya fitowa banza, sai ya ci wani abu. Albasa jikinta take ci, shi ya sa wadda ta tsira in ka matsa ta za ka ji ta yi laushi.

Na ɗora tafin hannuna na matsa. Tauri kamar dutse. Ɗumi kamar jikin mutum. Kuma yana bugawa, bugun da na sani, don na ɗauke shi wata tara ƙarƙashin nawa.

Ba jikinsa yake ci ba. Kwana goma sha biyu ina shayar da shi ruwan da ya wanke ɗiyata, da guminta, da jinin biƙinta. Ya ɗanɗana ta, ya san ta.

Na ce, "Dakta, gaya wa Dogo su kashe wutar nan, su daina ba shi ruwa, su rufe shi."

Ta ce, "Inna, don Allah."

Na ce, "Gaya masa albasa ce."

Ta ce, "In ce wa shugabana uwata ta ce albasa ce? Gaban mutane?"

Na ce, "To gaya masa ke yake sha."

Ta dube ni, leɓenta ya yi fari. Na san ta sani, don na ga yatsunta a wuyanta. Amma ta juya ta yi wa Dogo wata gajeriyar magana, ya yi murmushi ya dafa ƙirji. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce masa: wai uwata na yi muku barka.

Kwana biyu bayan haka ba ta iya tashi ba. Tana kwance idonta rabi a buɗe, numfashi sama-sama, in ka taɓa goshinta kamar ka taɓa gawar da na saba wankewa. Likita ya kira jirgi. Sai iska ta taso, irin tasu, mai ɗauke da garin ƙanƙara, duniya ta zama fari ɗaya, ba sama ba ƙasa. Anka ce jirgi ba zai iya sauka ba sai ta lafa. Anka ce kowa ya shiga ɗaki, kada wanda ya fita. Sunka bar injinan suna ta aiki a tanti, suna kallon abin ta kwamfuta daga nesa. Usmanu ya gaji da kuka, ya koma wani ɗan nishi kamar ɗan akuya.

Na yi alwala, na yi salla, ban san ko wace ce ba. Na ɗaure zanena tamau. Ina buɗe ƙofar baya sai na ga mutum tsaye cikin farin nan: Ƙawa, da shebur biyu, da igiya ɗaure a ƙugunta. Ta ɗaura mini ɗaya bakin igiyar.

Tantin bai fi taku talatin daga ƙofa ba, amma da rarrafe munka kai. Ƙawa ta san inda wayar wuta take, ta fizge ta. Injina sunka yi shiru, fitilu sunka mutu, sai hasken rana da ke ratsa tantin, fari-fari kamar cikin ƙwai. Cikin wannan shirun na ji bugun a fili, ba sai na taɓa ba. Na sauka tsani ni kaɗai.

Tsiron ya kai kamu guda. Fari ne, ana ganin wani abu na gudana cikinsa. Da na matso sai ya karkato wajena a hankali, kamar yadda makaho ke juyo da kunne.

Na durƙusa, na yi bismillar da na manta. Na ce, "Gafara dai mai wuri. Ban san ko kai wane ne ba, Allah da ya yi ka ya san ka. Ni ce na zuba maka ruwa, ni ce ban nemi gafara ba. Laifina ne, ba nata ba. Baƙi ne mu, wucewa za mu yi." Bugun bai sauya ba. Sai na ga roƙo ba ya tafiya in ba a faɗi wanda ake roƙo dominsa ba. Na buɗe baki na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar da anka raɗa mata shi. Rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba. Na ce, "Wadda ka kama sunanta Rabi'atu. Ɗiyata ce. Tana da ɗa yana jin yunwa. Sake ta."

Mu a gona, in muna son albasa ta daina girma ta kwanta, ba yanke ganyen muke ba, don in ka yanke ɗanye ruwa ya shiga ta ruɓe, ta ɓata na kusa da ita. Lanƙwasa wuyan ake yi a kwantar da shi. Na cire safar hannu don yatsa ne ke sanin inda wuya zai ba da kai. Na kama gindin tsiron da hannun dama, na lalubi wurin, na kwantar da shi a hankali har kansa ya taɓa jikin abin.

Ba zafi na ji ba, ba sanyi ba. Ji na yi ana zuƙe ni ta yatsu, kamar yadda yaro ke zuƙe rake. Na ga gonarmu ta Kashin Zama, na ga uwata tana tankaɗe, na ga ranar da na haihu, duk suna wucewa suna fita ta hannuna. Ban saki ba. Ina riƙe, ina salati, har bugun ya soma ja da baya. Ya yi nisa tsakani. Ya ƙara nisa. Ya buga ɗaya, na jira na biyu, bai zo ba.

Ƙawa ce ta fizge ni da igiya. Dabarar da ta rage tata ce, ni ban san ta ba. Ta yage ƙofar tanti iska ta shigo. Munka yi ta tura garin ƙanƙara cikin rami, ni da hannu ɗaya. In mun zuba sai ta kwarara ruwan sanyi daga tankinsu, ta tattake, nan take ya daskare ya zama dutse. Mu zuba, ta kwarara, ta tattake. Haka har ramin ya cika ya yi daidai da ƙasa. Ta tsaya a kai ta yi wata magana da harshensu, gajeriya, kanta sunkuye. Ina jin tata gafarar ce.

Kafin in buɗe ƙofar ɗaki na ji wani sauti: ƙwat, ƙwat, ƙwat. Usmanu ne a ƙirjin uwarsa yana haɗiya. Ita kuma gumi ya jiƙe ta sharkaf, tana kuka, ta ce, "Inna, zafi nake ji. Cire mini bargon nan."

Da iska ta lafa Dogo ya je ya tsaya kan inda ramin yake, ya daɗe. Ya zo ɗakinmu, ya dubi Dakta zaune tana shan kunu tana hura shi, ya dubi hannuna da likita ya naɗe. Yatsu biyu sun yi baƙi kamar gawayi. Ya yi magana a hankali, Dakta ta fassara. Wai ya rubuta cewa iska ce ta kashe wuta ta rushe ramin. Wai shi ma ya ga layin bugun abin a kwamfuta, ya ga na Dakta a na'urar likita, ya ɗora su kan juna, ya rasa wanda zai gaya wa. Sa'an nan ya yi wata tambaya, Dakta ta yi jinkiri kafin ta juya mini ita.

"Wai ya mutu?"

Na ce, "Gaya masa albasa ce."

Wannan karon ta gaya masa. Bai yi murmushi ba.

Zango na ƙarshe asibitin da Dakta ta haihu ne, inda anka cire yatsun. Ƙawa ta rako mu bakin jirgi ta cusa mini sauran damin ganyenta. Na kwance gefen zanena na ba ta sauran kanwata. Ban sani ba ko ta san abin da za ta yi da ita. A gida munka cika arba'in, a bayan ɗakina, da ganyen dogon yaro, ƙanwata na fyaɗawa ina ba da umarni.

Sunan Dakta bai shiga littafin ba. Ba ta koma ba, tana koyarwa nan kusa, ita da Bello da Usmanu, wanda yanzu yake bin awaki da gudu. Da munka dawo mun yi wata guda ba ta yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Ran nan muna juya albasa a rudu sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Inna, kin san ƙanƙarar can raguwa take kowace shekara? Duniya ɗumi take ƙarawa. Abin da munka je aunawa ke nan tun farko."

Na ce, "Saura nawa ta kai gare shi?"

Ta ce ba wanda ya sani.

Shi ya sa na ce a rubuta, ko wani mai zuwa can zai karanta. In kunka ga baƙin abu mai wuya cikin ƙanƙara, kada ku ba shi ruwa, kada ku ba shi wuta, kada ku yanke. Ni dai yanzu ko ruwan tuwo ba na zubarwa sai ya huce sarai, kuma duk da haka sai na nemi gafara, na jira. Wata safiyar nakan farka in ji wurin yatsun da babu yana bugawa, a hankali, nisa tsakani. Ran da na ji haka ba na karyawa sai na hau mota na je na ga Dakta.

Yau ma haka na tashi, shi ya sa na zo. Ita ce ke rubuta wannan, na juya mata baya ina faɗi don kunya. Ajiye alƙalamin haka nan, Dakta. Miƙo hannunki in ji.

Alhamdu lillahi. Da ɗumi.